Taurarin da Malam Ya Je Ɗauka

Maigidana mai ɗaukar hoto ne. Shekara talatin da 'yan kai yana da shago a bakin titin da ke gangarawa babbar kasuwar Suleja, kuma rabin hotunan fasfo ɗin da mutanen unguwarmu suka nemi aiki da su a Abuja daga hannunsa suka fito. Ni kuwa koyarwa na yi a firamare har na ajiye, na koma ga keken ɗinkina. A duk tsawon zamanmu ban taɓa sa hannu a kyamararsa ba. Ba da baki ya hana ba. Wani kallo yake yi idan mutum ya matso kusa da jakar, sai ka ji hannunka ya koma da kansa.

Ciwon idonsa da dare ya fara nuna kansa. Sai ya dawo daga sallar isha'i da ƙafar wando jiƙe, yana faɗan masu barin kwata a buɗe da masu ɗauke wuta. Sau ɗaya na yarda, sau biyu na yarda, a na huɗu na ce Malam, kwatar nan tun kafin a haifi autarmu take wurin, me ya sa sai bana ta fara kama ka? Da ƙyar da faɗa na ja shi asibitin ido a Abuja. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya rage wa sauran gudu. Da rana yana ganin abin da ke gabansa sak, gefe da gefe ne ya rufe, da dare kuma babu komai. A motar dawowa, mun matsu cikin ma'aikata masu komawa gida, ya sunkuyo ya ce in yi masa alkawari ba wanda zai ji sai babbar 'yarmu. Ya ce, "Wa zai zauna gaban mai hoton da ba ya gani?" Na yi masa alkawarin.

Daga nan muka samu wata dabara wadda ba mu taɓa zama muka tsara ta ba. Duk lokacin da fita ta kama mu bayan magariba, ko gaisuwar rasuwa ko zuwa gidan yayata a unguwar Hashimi, sai in sa farin hijabina in wuce gaba da taku biyu, shi kuma ya bi farin. In mun zo kwata sai in ce, "Kai, wannan kwata," kamar da kaina nake magana, sai ya ɗaga ƙafa. Mutane suka fara tsokana wai Hajiya ta karɓe ragamar gida, ita ce a gaba. Yakan yi dariya ya ce ai ya tsufa ne. Ni kuwa abin yana ci mini rai, amma na saba.

Maganar taurari tsohuwar cuta ce a wurinsa. Tun muna da ƙarfi yake son ya ɗauke su a hoto. Ya hau saman ɗaki ya gwada, hasken Abuja ya mayar da sama ja-ja, ga fitilun masu janareto ta ko'ina. Ya taɓa ɗaukar babur ya nufi hanyar Lambata da mariƙin kyamararsa mai ƙafa uku a baya, 'yan banga suka tare shi suna zaton bindiga ce, ya yi ta rantse-rantse kafin su sake shi. Tun daga ranar ya ajiye zancen, ni ma na ɗauka ya manta.

Babbar 'yarmu tana aiki a Abuja, Allah ya buɗa mata. Ita ce ta zo wata Asabar ta zauna gabansa ta ce, "Baba, faɗi abin da kake so in yi maka." Ni har na fara tunanin Umara. Sai Malam ya zaro waya, ya kai ta dab da ido, ya nuna mata wata tafiya da ake shiryawa zuwa tsibirin Zanzibar, inda jagora ke fita da masu kyamara bakin teku da dare su ɗauki sama. Ya ce wannan yake so.

Na bi ta har bakin mota da faɗa. Na ce mutumin da ba ya ganin kwatar ƙofar gidansa shi za ki kai bakin teku cikin duhu? Ta bari na gama, sannan ta ce, "Mama, ai shi ya sa. Likita ya ce mini abin ba zai daɗe ba. In bai ɗauka bana ba, ba zai ɗauka ba ke nan." Ban san likitan ya faɗa mata abin da bai faɗa mini ba. Ta ce da ni za a je.

Ba zan ɓata lokaci kan jirgin sama ba, na sha addu'a dai. Ƙauyen da aka sauke mu yana gabashin tsibirin, iskarsa mai danshi ce tana manne wa mutum a jiki, shinkafarsu da kwakwa ake dafawa, kuma muna ajiye kaya na ji kiran sallar la'asar, sai hankalina ya ɗan kwanta. Mu bakwai ne a tafiyar, sauran duk Turawa. Jagoran ɗan garin ne, baƙi siriri, zai kai shekara arba'in, ɗan masunta. Da Turanci yake mana bayani, ni da Malam muna ji daidai gwargwado. Ya ce dare biyu kawai muke da su da babu wata. Ya ce tekun wurin takan janye da nisa ta bar jiragen masunta zaune a kan yashi, a lokacin za mu taka mu shiga, kuma dole mu fito kafin ta dawo. Sai dokoki: ba farar fitila ko ta waya, ja kawai, don farin haske na ɓata hoton kowa. Kuma kowa ya sa tufafi masu duhu, fari yana fitowa a hoto.

Ni malamar makaranta ce, in aka kafa doka bi nake yi. Na shiga ɗaki na cire farin hijabina na ninke, na sa wani shuɗi mai duhu. Da na fito Malam ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe. Wallahi ban gane ba. Kaina yana wajen takalmin roba da aka ce mu sa saboda wasu halittu masu ƙaya da ke cikin kududdufan ruwa.

Sai da muka bar fitilun masauki a baya muka hau jiƙaƙƙen yashi na gane abin da na yi. Irin duhun nan ban taɓa ganinsa ba, ko a ƙauyen kakata. Na ɗaga kai, sama ta cika maƙil, har da wani farin abu kamar hayaƙi da ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan. Na juyo in ce Malam dubi, sai na ji takunsa ya kauce hagu, yana jan ƙafa. Jan hasken da ke hannun jagora ba ya isa idonsa, ni kuma na ɓace masa. Na koma kusa ina ta surutun banza don ya bi muryata, ina cewa yashin nan da sanyi, iskar nan da daɗi. Da haka muka lallaɓa har wurin jiragen.

Kowa ya kama wuri. Malam ya kafa ƙafa ukunsa ya ɗora kyamara ba tare da ya nemi haske ba, hannunsa ya san aikinsa. Na fara cewa to, ƙila mu tsira. Mun jima a nan, sai ya ɗauki kayan zai canja wuri, ya nufi wani kududdufi da na ga jagora ya kewaye shi ɗazu. Taku biyu ya rage. Ban yi shawara da kowa ba, na zaro waya na kunna tocila na haska masa ƙafa, yadda kowace mace a Suleja za ta yi wa mijinta in an ɗauke wuta.

Wurin ya ɗauki gunaguni. Wani dattijon Bature da ke kusa da mu ya dafe kai da hannu biyu. Ashe ya bar kyamararsa a buɗe kusan awa guda tana bin tafiyar taurari, haskena ya wanke aikin gaba ɗaya. Jagora ya iso da sauri yana cewa, "Mama, kashe, kashe." Na kashe. Sai Malam ya juyo kaina da Hausa, da muryar da bai taɓa yi mini a gaban mutane ba: "Wa ya ce ki haska ni? Makaho ne ni?" Bai tsaya nan ba. Ya juya ga Turawan ya ba su haƙuri, ya ce matarsa ba ta saba fita ba, tsoron duhu take ji.

Ni ce mai tsoron duhu. Ni da na shekara biyu ina shiga gabansa a lungunan Suleja. Na ja gefe na tsaya. Ya danna kyamararsa sau biyar ko shida, jagora ya ce ruwa ya kusa, muka juyo. A hanyar dawowa ban yi masa surutu ba, sai dai na riƙa jan takalmina da ƙarfi a kan yashi don ya ji inda nake. Fushi nake, amma ban kai ga barinsa ya faɗa ruwa ba.

Da asuba bayan salla na gan shi zaune bakin gado ya manna ido a allon kyamara. Na leƙa ta bayansa. Babu tauraro ko ɗaya, sai wasu dunƙule-dunƙulen haske kamar an ɗiga koko a baƙin tire. Ya ji ni, ya ce danshin teku ne ya shiga gilashin. Na ce to. Na ɗiga masa maganinsa kamar kullum, na fita ban ci abinci tare da shi ba.

Na yi yawo a bakin ruwa ina kallon matan garin suna ɗaure wani ganyen teku a jikin igiyoyi, ina ta faɗa da shi a zuciyata. Na tsara maganganun da zan gaya masa in mun koma gida, masu zafi sosai. Amma duk inda na kai sai in dawo kan abu ɗaya: dare ɗaya ya rage. In ya wuce haka, Malam zai koma Suleja da ɗigon koko a kyamara, kuma idon ba zai jira wata shekara ba. Ga alkawarin da na ɗauka a mota, ga wannan. Na auna su har azahar. Da ya kwanta barcin rana na fita neman jagora.

Na same shi a gindin bishiyar kwakwa yana goge fitilunsa. Na fara da ba shi haƙurin jiya, sannan na gaya masa komai, da Turancina na malamar aji uku: ciwon, da farin hijabin, da cewa Malam zai fi son ya faɗa teku da a san ba ya gani. Ina magana ina jin kunyar kaina, don ban taɓa fitar da sirrin mijina waje ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce mahaifinsa ma da idonsa ya tafi, ya shekara guda yana fita kamun kifi bai gaya wa kowa ba. Ya ce, "Mama, sa farinki. Zan kai ku wani jirgi can gefe ku biyu, inda ba za ki shiga hoton kowa ba. Ba zan nuna masa na sani ba."

Da dare na fito da farin hijabi. Malam ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa ya ce, "Ba an hana ba?" Na ce an yarda mini. Ya daɗe yana kallona. Ba yaro ba ne, ya san ba a yarda wa mutum haka kawai. Na jira faɗa, bai zo ba. Ya ce mu je.

Na wuce gaba da taku biyu. Wannan karon takunsa bai kauce ba. Jagora ya raba sauran a wurarensu, ya kai mu can ƙarshe wurin wani ƙaramin jirgi mai sanda a tsaye. Ya taya Malam kafa ƙafa ukun, ya ɗan juya kan kyamarar kamar gyara yake yi, ya ce akwai wani babban tauraro daidai saman sandar, da shi ake saita gilashi. Ya ce muna da kamar minti arba'in kafin ruwa. Ya tafi abinsa.

Malam ya sunkuya kan allon, yana murza zoben gilashin gaba da baya. Ya miƙe, ya goge ido, ya sake sunkuyawa. Ina tsaye a bayansa ina jin tekun can nesa tana ƙara matsowa. Minti goma suka wuce a haka, ko fiye. Sai ya miƙe tsaye ya ɗaga kai sama, ya juya a hankali har ya kewayo.

Ya ce, "Hajiya, akwai su?"

Na ce, "Akwai su, Malam. Babu wurin sa yatsa."

Ya ce, "Ban ga ko ɗaya ba." Ya faɗa ne a hankali, ba kuka ba, kamar mai ba da labarin wani. "Na ɗauka in na zo inda duhu ya cika zan gan su."

Duk maganganun da na tsara da rana suka zube. Tausayinsa ya kama ni.

Can sai ya ce, "Zo nan. Ke da kike zura allura ba tabarau." Ya laluba ya kamo hannuna ya ɗora a kan zoben gilashin. Ƙarfen da sanyi. Ya ce in dubi tsakiyar allon, zan ga wani ɗan haske. Na ce na gani, kamar ƙullin auduga. Ya ce in murza a hankali har ya ƙanƙance. Na murza, ya ƙara girma. Ya ce ɗaya gefen, ke ma dai. Na koma ɗaya gefen, audugar ta riƙa tsukewa, ta riƙa tsukewa, har ta zama kamar ƙwayar gero. Ya ce in wuce kaɗan in dawo, don in tabbata nan ne ƙarshenta. Na wuce, ta fara kumbura, na dawo. Na ce nan ne. Ya ce, "Cire hannunki. Kada ki motsa, kada ki taka yashin da ƙarfi."

Ya danna. Muka tsaya kamar gumaka yana ƙirga ashirin a ƙasan numfashi. Kyamarar ta yi ƙara kaɗan, allon ya kawo haske.

Abin da idona ya gani a sama, kyamarar ta tara fiye da shi. Ga jirgin baƙi ƙirin, ga sandarsa, ga farin hayaƙin nan ya tashi daga bayansa, taurari kuwa kamar an watsa gishiri. Malam ya cire tabarau ya kai idonsa na dama dab da allon har hancinsa na taɓawa. Ya danna wani maɓalli hoton ya matso, ya riƙa tura shi kaɗan-kaɗan, yana bin sama lungu-lungu ta ɗan wurin da ya rage masa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ashe haka suke da yawa." Na ji muryarsa ta karye, na kau da kai na bar shi, ni ma hijabin nake goge fuska da shi.

Mun ƙara ɗauka uku. Kafin na ƙarshen, ruwa ya fara lasar mana takalma, jagora yana kira daga nesa. Malam yana naɗe kaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Jiya ban kyauta miki ba." Na ce ba ka kyauta ba kam. Ya ce, "Kin gaya masa." Na ce na gaya masa. Ya ce to. Da muka iso wurin sauran, shi da kansa ya nemi dattijon Baturen nan ya ce masa laifin jiya nasa ne, ba ya gani da dare, matarsa hanya take nuna masa. Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗa da bakinsa ga wani.

Da muka dawo gida 'yarmu ta kai hoton Abuja aka wanko shi babba. Kafin a wanke ta kira ni gefe ta nuna mini a kwamfuta: hoton ya karkace. Bakin tekun ya gangara dama, jirgin kamar zai zame. A cikin duhun nan ba wanda ya lura ƙafa ɗaya ta mariƙin kyamarar ta nutse a yashi, shi kuma da yake gutsure-gutsure yake ganin hoton, bai taɓa ganinsa gaba ɗaya ba balle ya gane. Ta ce gyaran minti ɗaya ne. Ta je ta tambaye shi a fakaice ko yana so a ɗan taɓa hoton kafin a wanke. Ya ce duk wanda ya taɓa masa aiki bai yafe ba. Aka wanko shi yadda yake.

Idon ya rufe gaba ɗaya kafin damina ta biyu ta fita. Shagon yana hannun ɗan ƙanensa yanzu. Hoton yana falo, saman keken ɗinkina, kuma duk baƙon da ya shigo sai Malam ya sa an tsayar da shi a gabansa. Daga kujerarsa yake nuna masa da sanda: ga jirgin nan, ga sandarsa, ka duba sama da ita kaɗan akwai wani babba, da shi muka saita. Bai taɓa kuskuren wuri ba. Wani lokaci sai in ga baƙon ya karkata kai yana bin gangaren tekun, ya buɗe baki zai yi magana. Sai in dube shi in girgiza masa kai, shi kuma ya ce wa Malam hoto ya yi kyau.